Yadda ake binciken fili kafin saye ko gini don gano ko ƙasarsa ta gurɓata

Mai sayen fili yakan ƙarar da ƙarfinsa a kan takardu: waye mai shi, akwai rigimar gado ko babu, awon gwamnati ne ko awon igiya. Duk wannan wajibi ne, amma takarda ba ta faɗin abin da aka binne a ƙarƙashin filin ko abin da aka shekara ana zubarwa a kansa. Bola da baƙin mai ido da hanci kan kama su. Dalma da sinadarin jima ba su da wari, ba su da launin da za ka gane a cikin turɓaya, kuma dalma ba ta ruɓewa ko da an shekara ɗari. Shi ya sa ake fara binciken da tarihin wurin, awon ɗakin gwaji ya zo daga baya, kuma duka biyun ana yin su ne kafin a ba da kafin alƙalami.

Kayan da za ka tanada

- Waya mai kyamara wadda ke nuna lambobin wuri, da kwamfuta mai manhajar Google Earth Pro
- Littafi, biro, maka mai rubutu a leda, da tef ɗin awo
- Diga, shebur da leburori biyu
- Babban cokali na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na roba, da sabon bokitin roba
- Sababbin ledoji masu zif kamar 20, da kwalaben gilashi masu murfi guda 4 zuwa 6
- Kwalaben ɗibar ruwa. Ɗakin gwajin da za ka kai wa aiki ne ya kamata ya ba ka su
- Kula da ƙanƙara
- Safar hannu, takunkumi, takalmin ruwa, sabulu da jarkar ruwa mai tsabta

Kada ka ɗebi ƙasa da shebur mai fenti ko mai tsatsa, domin fentin kansa yana iya ƙunsar dalma ya ɓata maka sakamako. Shebur na haƙa ne kawai, cokali na ɗiba.

1. Tambayi tarihin wurin, amma ba wajen dillali ba

Dillali la'adarsa yake nema, ko ya sani ba lallai ya faɗa ba. Mutanen da suka san fili su ne mai unguwa, dattijan da suka riga gine-gine zuwa, mai shayin bakin layi, direbobin tifa da ke kawo ciko, da masu haƙar rijiya da sokawe. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowa, saboda sun ga cikin ƙasar unguwar da idonsu.

Kada ka ce "Baba, filin nan yana da matsala?" Za a ce maka lafiya lau. Tambaya kake yi ɗaya bayan ɗaya: shekara 20 da suka wuce mene ne a nan? Gona ce, kududdufi ne, ko wurin aiki? Da me aka cike shi, wa ya cike? Ruwan rijiyoyin layin nan ana sha ko wanki kawai ake yi da shi? An taɓa mutuwar awaki ko kaji da yawa lokaci guda? Ka tambayi aƙalla mutum uku daban-daban, kowa shi kaɗai. Inda maganarsu ta saɓa, nan za ka tsananta bincike.

Sunan wuri ma yana tona asiri. Duk inda har yanzu ake kira Majema, Marina, Kwata, Bakin Bola ko Tsohon Gareji, sunan ya fi gine-ginen da kake gani daɗewa.

2. Duba tsofaffin hotunan sama da fayil ɗin gwamnati

Tsaya a kan kowane dutsen safiyo ka ɗauki lambobin wurin, ka sa su a Google Earth Pro. Akwai alamar agogo a saman manhajar; idan ka danna za ka iya ja baya shekara-shekara. A manyan garuruwa hotunan kan kai farkon shekarun 2000. Baƙin tabo mai zagaye wanda ya riƙa raguwa har ya ɓace kududdufi ne da aka cike. Fari-fari da toka-toka mai gefe a yage juji ne. Tarin motoci a warwatse da baƙar ƙasa gareji ne. Rumfa mai faɗi a bakin titi da daɓen kankare a gabanta tsohon gidan mai ne.

Sannan ka nemi fayil ɗin filin a hukumar filaye ta jiharka, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja. Abin da kake nema shi ne me aka fara ware filin dominsa. Filin da aka ware wa masana'anta ko gidan mai aka sauya shi zuwa gidan zama yana buƙatar awo ko da a ido tsaf yake. Idan awon igiya ne babu fayil, bakin mutane da hotunan sama ne kawai madogararka, sai ka ƙara yawan waɗanda za ka tambaya.

3. Taka filin da ƙafarka

Ka je sau biyu in da hali: da sassafe lokacin da wari bai watse ba, da kuma bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Idan rani ne, ka nemi layin da ruwa ya bari a jikin katangun maƙwabta. Ka bi filin layi-layi, taku biyar tsakanin kowane layi, kana ɗaukar hoto.

Ga abin da ake lura da shi: wurin da ciyawa ta ƙi fitowa alhali kewayensa kore ne, ƙasa mai maiƙo ko mai launin shuɗi, kore ko ruwan ɗorawa, fasassun kwanson batir, toka da narkakkiyar waya inda 'yan gwangwan ke ƙona kebul, bututun ƙarfe da ya leƙo daga ƙasa ko murfin ƙarfe mai zagaye, alamar tankin mai a binne, guntayen tsohon rufin asbestos. Kada ka fasa asbestos ko ka share shi a bushe, ƙurarsa ce ke cutar da huhu.

Bayan nan ka fita daga filin ka zaga kewayensa kamar mita 500, ka fi mai da hankali ga ɓangaren tudu. Ruwa daga can yake gangarowa, na sama da na ƙarƙashin ƙasa duka. Marina ko gidan mai da ke samanka ya fi wanda ke ƙasanka haɗari ko da na ƙasan ya fi kusa. Ka leƙa katangun maƙwabta: tsagewa mai kama da matakala a gidaje da yawa a jere tana nufin ƙasar tana zama.

4. Haɗa kowace sana'a da gubar da take bari

Wannan matakin ne ke rage maka kuɗin awo, domin ɗakin gwaji abin da ka ce a nema kawai zai nema.

Inda aka daka ko aka niƙa dutsen zinariya, dalma ake nema, tare da makuri da asenik. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa darasi: a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Yargalma, Abare da Bagega, an riƙa kawo dutse cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin, ƙurar ta sauka a tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja. A ido waɗannan gidaje ba su da bambanci da kowane gida. Duk kango ko fili a yankin da ake haƙar ma'adinai, ka ɗauka an taɓa sarrafa dutse a cikinsa har sai awo ya wanke shi. Haka wurin da ake fasa batirin mota ana narka dalmarsa.

Kusa da masana'antun jima na zamani, kamar yankunan Challawa, Sharaɗa da Bompai a Kano, kuromiyam ake nema, musamman a fadamun da aka daɗe ana ban ruwa da ruwan da ke fitowa daga can. Ka ce a auna har da nau'in da ake kira kuromiyam mai lamba shida, shi ne mafi guba. Marinar zamani tana barin soda mai ƙuna da sauran sinadaran rini.

Gareji, gidan mai da wurin janareta suna barin man fetur, gas da baƙin mai. Tsohon tankin da ke yoyo yana iya shekaru yana tsiyaya ba wanda ya sani, man ya kwanta a saman ruwan ƙasa ya bi shi zuwa rijiyoyin maƙwabta. Inda aka ajiye ko aka gyara tsofaffin tiransifoma, a nemi sinadarin PCB, wata guba da ke cikin man tsofaffin tiransifoma. Tsohon sito na maganin feshi da takin zamani, a nemi ragowar magungunan ƙwari. A Jos da kewaye kuwa, yashin da ya rage daga wankin kuza yana iya fitar da tururin nukiliya, saboda haka ba a ciko ko buga bulo da shi sai an auna.

Kududdufin da aka cike da bola shi ne ya fi yawa a tsofaffin garuruwanmu, kuma matsalarsa uku ce. Shara tana ruɓewa ƙasa ta zauna, gini ya tsage. Ruɓewar tana fitar da iskar mitan, wadda kan kama da wuta idan ta taru a rufaffen wuri kamar sokawe ko ɗakin ƙasa ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin. Sannan ruwan da ke tsatsowa daga sharar yana shiga rijiya. Idan ka ga fuloti a tsakiyar gari da rabin kuɗin na kusa da shi, ruwa ba ya tsami banza.

5. Haƙa ramukan gwaji

Nemi izinin mai fili a rubuce. Wanda ya hana a haƙa rami huɗu a filin da yake son sayarwa ya riga ya ba ka rabin amsa.

A fuloti mai ƙafa 50 a 100, ramuka biyar sun isa: huɗu kusa da kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, ka ƙara ɗaya a duk inda ka ga tabo. Faɗi mita 1, zurfi mita 1.5 zuwa 2, ko har a tarar da ƙasar asali. A riƙa tara abin da aka fitar kashi-kashi bisa zurfinsa. Kada lebura ya shiga ramin da ya wuce ƙirjinsa a cikin ciko ba tare da an tokare gefen da katako ba, ciko yana ruftawa ba gargaɗi. Babu shan taba ko kunna ashana a bakin rami, kuma kada kowa ya shiga tsohuwar rijiya ko tanki.

Karanta bangon ramin kamar shafi. A filin da aka yi wa kwalliya za ka ga jan burji mai kyau kamar taki biyu a sama, sai kwatsam launi ya koma baƙi: ledar ruwa, tsumma, ƙashi, fasasshen tangaran, murfin kwalba, ƙasar tana da ɗumi da danshi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sa tef ka auna inda baƙin ya fara da inda ya ƙare, ka ɗauki hoto da tef ɗin a jiki. Ƙasar asali a matse take, launinta ɗaya, babu abin hannun mutum a cikinta. Idan an kai mita 2 ba a same ta ba, aikin ya wuce diga, sai injin haƙa da injiniyan ƙasa.

Gwajin mai na nan take: zuba ƙasa cikin kwalba zuwa rabi, cika da ruwa mai tsabta, girgiza, ajiye minti goma. Idan wani maiƙo mai launin bakan gizo ya taso, taɓa shi da tsinke. Wanda ya farfashe ya tsaya a farfashe na tsatsar ƙasa ne, ba komai. Wanda ya sake haɗewa nan da nan mai ne. Wannan gwajin ba ya cewa komai game da dalma.

6. Ɗebi samfurin ƙasa

Don dalma da sauran ƙarafa, saman ƙasa ne ya fi muhimmanci, santimita 5 na farko, saboda nan yara ke wasa suna kai hannu baki. Raba filin gida huɗu. A kowane kashi ɗebi cokali biyu daga wurare biyar, haɗa a bokiti, cire duwatsu da saiwa, gauraya, zuba kamar rabin kilo a leda. Sannan ɗebi na ramuka daban: ɗaya daga rabin mita, ɗaya daga cikin cikon, ɗaya daga ƙasan ramin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ƙasar wurin da ake zargi da ta wuri mai kyau. Mai kyau takan tsarma marar kyau, sakamako ya fito lafiya alhali akwai wuri mai guba daidai inda za a yi tsakar gida. Duk wurin da ke da tabo ledarsa daban. A wanke cokali da bokiti da sabulu tsakanin kowane samfuri.

Ƙasar da za a auna wa mai ko maganin ƙwari ba a sa ta a leda kuma ba a gauraya ta. A cusa ta a kwalbar gilashi har baki, a rufe, a sa a kula nan take, in ba haka ba abin da ake nema zai tashi a iska kafin a isa. Rubuta lamba, zurfi da kwanan wata a kan kowanne, ka zana taswirar inda aka ɗebo a littafinka. Ka ɗebo kuma leda ɗaya daga wata gona mai nisa da ba a taɓa komai a cikinta ba, don kwatantawa.

7. Auna ruwa

Idan babu rijiya a filin, roƙi maƙwabta biyu, na tudu da na gangare. Rijiyar burtsatse a bar ta ta zuba minti goma kafin a tara. Ruwan awon ƙwayoyin cuta yana buƙatar kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, a cikin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin awa shida. Na ƙarafa kwalbarsa daban ce, ana ɗiga masa asid don kada ƙarfen ya manne a jikinta. Robar lemo da aka ɗauraye ba ta yin wannan aikin.

Ko babu masana'anta kusa, a sa fuloraid cikin jerin abubuwan da za a auna. Daga dutsen ƙasa yake fitowa, kuma a Tibiri kusa da Maraɗi ruwan burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa. Ka auna kuma tazarar da ke tsakanin inda za ka haƙa rijiya da masai ko sokawen maƙwabta. Abin da ake so mita 30 ne, wanda ƙananan fulotai ba sa bayarwa, sai dai a zurfafa burtsatse a toshe samansa da siminti sosai.

Wuraren da ake kai awo sun haɗa da sassan kimiyyar sinadarai da na ƙasa a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa (NARICT) da ke Zariya, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke da rajista. Ka kira su kafin ka ɗebi komai. Idan an sami mai na'urar hannu ta XRF, tana nuna dalmar ƙasa a wurin cikin minti ɗaya ko biyu, sai a aika kaɗan daga samfuran don tabbatarwa.

8. Karanta sakamakon

A ruwan sha, ƙa'idar Najeriya a kowace lita ita ce: dalma kada ta wuce miligiram 0.01, asenik 0.01, kadmiyam 0.003, kuromiyam mai lamba shida 0.05, fuloraid 1.5, naitiret 50. Ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya ba a yarda a samu a mililita 100 ba. Yawan naitiret yawanci daga masai ko taki ne, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko naitiret, sai ma ya ƙara musu kauri.

A ƙasar gidan zama, ma'aunin da aka daɗe ana bi ga dalma shi ne miligiram 400 a kowane kilo, shi aka yi aiki da shi wajen tsabtace ƙauyukan Zamfara. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sauko da nata zuwa 200. Gidan da za a raini yara, ka riƙe 200. Ga mai a cikin ƙasa, ƙa'idar da tsohuwar hukumar kula da albarkatun man fetur ta DPR ta fitar ta sa miligiram 50 a kowane kilo a matsayin abin da ake so, 5,000 kuma matakin da dole a yi gyara. Tazarar tana da faɗi ƙwarai, kuma ƙasar da ke da 3,000 ba wurin yin ɗakin kwana ba ce don kawai ba ta kai 5,000 ba.

Ka lura da ma'aunin da aka rubuta: wasu na ba da sakamakon ruwa da maikurogiram, wanda 1,000 nasa ne miligiram ɗaya. Idan takarda ta ce "ba a samu ba", tambayi mafi ƙarancin abin da na'urarsu ke iya gani. In ya fi ƙa'idar girma, wannan sakamakon bai wanke filin ba.

9. Yanke shawara, ka sa ta a yarjejeniya

Gurɓatar da ta tsaya a sama tana gyaruwa. A jiƙa ƙasar don kada ƙura ta tashi, a kankare santimita 5 zuwa 15, a sake awo, a rufe da ƙasa mai tsabta ko daɓen kankare. Ƙasar da aka kwashe hukumar muhalli ta jiha ce za ta nuna inda za a kai ta. Ba a sayar wa mai tifa ya kai wa wani ciko. Sabon cikon ma ka je ka ga ramin da ake ɗebo shi.

Bola mai zurfin mita ɗaya ana iya kwashe ta gaba ɗaya a sauke harsashi a kan ƙasar asali. Mai zurfin mita uku ko huɗu tana buƙatar harsashi na musamman da hanyar fitar da iska a ƙarƙashin daɓe, kuma kuɗin yakan cinye arahar filin har ya wuce. Tankin mai da ya yi yoyo ya kai ga ruwan ƙasa, ko gubar da har yanzu take gangarowa daga maƙwabcin da ke kan aiki, waɗannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, a bar filin ya fi.

Idan za ka ci gaba, lauya ya rubuta cewa cinikin ya dogara ga sakamakon awo, a faɗi ranar da za a kammala, a faɗi cewa za a mayar da kafin alƙalami in ya wuce ƙa'ida, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin gyara. A haɗa kwafin sakamakon da taswirar ramuka a jikin takardar.

10. Idan aikin babba ne

Rukunin gidaje, makaranta, asibiti, masana'anta ko gidan mai sun wuce binciken mutum da leburori biyu. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken nazari ga manyan ayyuka, ciki har da rukunin gidajen da ya kai hekta 50, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke amincewa da rahoton, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007 tana bin sawu. Za ka ɗauki ƙwararren da ke da rajista ya yi aikin hawa biyu: na farko tarihi da duba wuri, na biyu haƙa da awo. Kai ne za ka ɗauke shi ka biya shi, ba mai sayarwa ba. Ka ba shi littafinka da hotunan ramukanka tun ranar farko, ka kuma nemi ya miƙo maka ainihin takardun ɗakin gwaji masu hatimi tare da rahoton, kowace lamba da wurin da aka ɗebo ta a taswira.